Injiniya Buɗe-Rufe

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara manoman layinmu a bakin kanal don su ga ilimina ba. Sun kuwa gan shi, har da gyara. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Ni 'yar fari ce a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure inda kowa manomin rani ne, wanda ba manomi ba kuma dillalin tumatir ne. Na yi karatun lantarki a kwalejin fasaha a Kano, na dawo gida da takardar shaida da kai wanda ya ɗan kumbura. Tun ranar da na sauka aka laƙaba mini Injiniya, sai dai aikin injiniyancin bai wuce gyaran tocila da dutsen guga da cajar waya ba. (Akwai wadda ta taɓa aiko mini da kular abinci wai murfin ya ƙi rufuwa. Na gyara, kuma ya rufu.) Abin yana ci mini rai. So nake in yi wani abu da za a ce lallai zaman da yarinyar nan ta yi a birni ba na banza ba ne.

Ga wanda bai san yadda muke ban ruwa ba, bari in ɗan yi bayani. Ruwa yana zuwa ta babban kanal, sai a ɗaga wata ƙofar ƙarfe ya shigo ƙaramar magudana da ta bi ta bakin gonaki. Daga magudanar kowa yake zuƙa da saifan, wato lanƙwasasshen bututu da ake tsoma kansa ɗaya a ruwa, a toshe ɗayan da tafin hannu a yi ta jijjigawa har ruwa ya kama, sannan a kwantar da shi a kan jinga ya yi ta zuba cikin gona. Saifan kuwa akwai saurin fushi. In ruwa ya ja baya bakinsa ya sha iska, ya mutu ke nan, sai an sake tsugunawa an tashe shi. In kuma ruwa ya yi yawa, sai ya haure jinga ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Shi ya sa ranar ban ruwa dole wani ya zauna a ƙofa yana juya sitiyarinta, ana ƙwala masa kira daga nesa, wannan ya ce a ƙara, wancan ya ce a rage. Rabin rigimar layinmu daga nan take tashi.

Sai na ce to, ga aikina ya samu. Na nemo ƙwallon roba irin na tankin ruwa, na sa shi yana iyo a magudana can ƙasa da ƙofa, yana gaya wa wani ɗan akwati ko ruwa ya hau ko ya sauka. Akwatin kuma yana ba da umarni ga injin share gilashi da na ciro daga wata matacciyar tifa, shi ne yake ɗaga ƙofar ko ya sauke ta. Batir da faifan sola suna ba da wuta. Ƙarafan da suka riƙe komai Oga Bulus ne ya haɗa mini, mai walda, mutumin Filato da ya daɗe a Kura har Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Wahalar aikin ba a nan take ba. Ruwan da ya fito daga ƙofa yana ɗaukar lokaci kafin ya isa wurin ƙwallo. In akwatin mai gaggawa ne, zai ga ruwa bai hau ba ya yi ta buɗewa, kafin labari ya iso masa ya riga ya wuce kima. Sai ya firgita ya rufe, nan ma ya wuce kima. Maganin wannan shi ne abin da malamanmu suke kira damfin, ni kuwa nake ce masa birki: a sa wa na'ura abin da zai hana ta zabura. Duk wadda ta taɓa ɗauko bokitin ruwa a ka ta san shi, shi ne ganyen da ake jefawa a saman ruwan don kada ya yi ta tambal-tambal yana jiƙa mata wuya. In birkin ya yi yawa na'ura ta zama malalaciya, in ya yi kaɗan ta haukace. Na daɗe ina laluben tsakiya, da 'yan kayan lantarki irin su kafasita da wani ɗan baƙin mamurɗi na ƙara birki ko rage shi a goshin akwatin, har Allah ya sa na dace. Na ɗiga jan farce a daidai wurin don kada in ɓata. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau: na san wurin, kuma da hannuna na sa alamar.

Baba mutum ne mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", kuma ko a gaban Inna ba ya yabona. Amma ranakun da na yi ta gwada na'urar ni da Oga Bulus, ina hango shi daga nesa ya dogara da fartanya yana kallo, in na waiga sai ya kama duba ganye. Ban san ya je wurin ƙungiyar manoman layinmu ba sai da Inna ta tsegunta mini. An ce da ya faɗi buƙatarsa aka yi ta gunaguni, wai ba za a danƙa ruwan jama'a a hannun yarinya da akwati ba. Sai ya ce, "Gonata ce ta farko a ƙasan ƙofa, kuma ban daɗe da gama dashen tumatir ba. In abin ya ɓaci, ni zai fara ci." Da wannan maganar aka yarda a ba ni ban ruwa ɗaya in gwada. Mutumin da bai taɓa neman alfarma wurin kowa ba ya ɗora maganarsa da dashensa a kaina, kuma ko da wasa bai gaya mini ba.

Ranar na ci ado. Na sa farar doguwar riga, na sa takalmin zuwa biki, sannan na ɗora wata rawayar hular kwano ta aro a kan mayafina, alhali a filin nan ba abin da zai faɗo wa mutum a ka in ba kashin balbela ba. Ban tsaya nan ba, na ce Oga Bulus ya kwance sitiyarin ƙofar gaba ɗaya.

"Injiniya, a bar shi mana, ko don tsaro," in ji shi.

"Oga Bulus, in suka ga sitiyari cewa za su yi da hannu muke taimaka mata. Cire shi."

Ya dube ni ya dubi ƙofar, ya ce, "To, ke ce da aiki." Ya kwance ya je ya ɗaure shi a bayan babur ɗinsa, can nesa a gindin wani mangwaro.

Jama'a sun taru fiye da yadda na zata, har da waɗanda ba ranar ruwansu ba ce. A sahun gaba kuwa, an shimfiɗa masa buhu ya harɗe cikin shuɗiyar babbar riga, ga kakana Alhaji Barau, mahaifin Inna. Tun ina goye yake kirana amaryarsa, ni kuma tun da na iya magana nake ce masa tsoho na ƙi ka. Kun san wasan kaka da jika, ba a fushi, amma kuma ba a yarda a sha kaye. A tarihin gidanmu ban taɓa bari ya yi maganar ƙarshe ba, kuma ina alfahari da hakan.

Na yi jawabi. (Allah ya yafe mini Turancin da na zuba wa bayin Allahn nan. Na ga wani dattijo yana gyaɗa kai, daga baya na gane gyangyaɗi yake.) Sannan na kunna akwati, na ce kowa ya tashi saifansa. Aka bazu a kan jinga, aka tsuguna, bututu suka kama zuba. Ruwan magudana ya ɗan ja baya, ƙwallo ya sauka kaɗan, inji ya ce ƙirr, ya yi shiru. Can kuma ya sake cewa ƙirr. Ƙofar tana ɗagawa, amma sai ka ƙura mata ido sosai za ka gani. Haka ya kamata ta yi. Ba saifan ko ɗaya da ya mutu, ba ɗigon da ya haure jinga. Aikin yana tafiya lafiya ƙalau, matsalarsa ɗaya ce, ba shi da daɗin kallo.

"Wai an kunna ne," in ji Kaka da ƙarfi, "ko jira ake a kawo wuta?"

"Tana aiki, tsoho. Idonka ne ya ƙare."

"Idona ƙalau, shi ya sa na ga kin tsufa ba ki iya tuwo ba. Ni da nake zaton na auri mai zafin nama, ashe raguwa ce ta ƙero raguwa! Jama'a ku shaida, in ƙofar nan ba ta buɗe ba kafin azahar na saki amaryar nan, a dawo mini da lefena."

Wuri ya ɗauki dariya. Wani ya ce ai ko jinjiri aka ba sitiyari ya fi wannan sauri. Wani ya ce wataƙila na'urar azumi take. Na saci kallon Baba. Yana tsaye a bakin gonarsa ya sunkuyar da kai. Ba zai tanka wa surukinsa ba, ba kuma zai kare 'yar fari a bainar jama'a ba, ko da yana da abin cewa. Ni kuwa kunnuwana sun yi zafi. Amsar gaskiya tana bakina: ku dubi bututunku, akwai wanda ya mutu? Da na faɗi haka da an wuce wurin. Amma wannan amsa ce ta injiniya, ni kuma a lokacin jika ce da kakanta ya kayar a gaban mutane.

"Sauri kake so, tsoho?" na ce. "To buɗe idon naka."

Na kama mamurɗin nan na kawar da shi daga kan jan farce. Ba kaɗan ba.

Inji ya yi wata ƙara, ƙofa ta yi sama kamar an tsikare ta, ruwa ya ɓarko da kumfa. Jama'a suka ɗauki kabbara. Kaka ya ɗaga sanda ya ce, "Na mayar da ke! A bar mata lefen!" Ni har da ɗan gyara zaman hular kwano. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba, kuma ina ba ku shawara in kuka ji irinsa ku duba bayanku.

Ruwan ya gangara ya isa wurin ƙwallo ya cilla shi sama. Akwati ya ga ruwa ya yi yawa, sai ƙofa ta dawo ƙasa, garam!

"Haka take yi," na ce da murmushi. "Gyara kanta take."

Magudana ta janye. Sai muka fara jin wani sauti, ƙwal-ƙwal-ƙwal, daga kan layi har wutsiya: saifan ne suke shan iska suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka ruga suka tsuguna za su tashe su. Sun tsoma hannu ke nan akwati ya gano ruwa ya ƙare, ya wangale ƙofa fiye da na farko. Igiyar ruwa ta bi layi tana wanke wa dattawa gwiwa da gemu. Kafin su miƙe ta sake rufewa. Kowane zuwa ya fi na baya girma, kowace komawa ta fi ta baya zurfi, daidai yadda aka zana mana a allo, har na tuna malamin da ya zana da irin rigar da ya sa.

"Rufe!" in ji na kusa.

"Buɗe!" in ji na nesa.

Ita kuwa ƙofar, baiwar Allah, kowa ya faɗa sai ta yi masa biyayya.

Abin da ya kamata in yi ba wuya: in mayar da mamurɗi kan jan farce in jira ruwa ya huce. Amma idona ya rufe, na murɗa shi ta inda ba nan ba har ƙarshe, na ƙara ƙarfi, sai ga shi a tafin hannuna ya fita fit. Na tsaya ina kallonsa kamar shi zai gaya mini abin yi. Oga Bulus yana ihu, "Waya, Injiniya! Cire wayar batir!" Batirin yana ɗaya gefen magudana. Na ɗaga ƙafa na taka jingar da ruwa ya riga ya jiƙe, da takalmin biki. Na dai cafko wayar, wannan kam ba wanda zai ƙwace mini. Da ita a hannu na sulale na zauna daɓas a tsakiyar magudana, ruwa har ƙirji.

Inji ya mutu. Sai dai ya mutu ne a daidai lokacin da ƙofa take wangale, kuma ba sitiyari. Ina zaune ruwa yana dukan bayana, na hango Oga Bulus ya zuba da gudu ya nufi mangwaro, na kuma hango hular kwano ta wuce ta gabana tana juyi, ta kama hanyar Bunkure.

Har zuwa nan akwai masu dariya. Abin da ya kashe dariyar shi ne jingar da ta ɓalle, kuma ta ɓalle ne a inda Baba ya ce, a gonar farko. Ruwa ya kwarara cikin dashen da bai gama kama ƙasa ba. Baba bai yi salati da ƙarfi ba, bai dubi inda nake ba. Ya naɗe wando ya shiga da fartanya yana jan laka yana toshewa, 'yan shuke-shuken da ya dasa da hannunsa suna wucewa ta ƙwaurinsa. Mutane suka bi shi da buhuna da fartanyu. Jiƙewar da na yi ba ta dame ni ba, hular ma ba ta dame ni ba. Bayan Baba da na gani a sunkuye shi ne ya sa na ji ina ma ban taɓa zuwa makaranta ba.

Kaka ne ya zo bakin magudana. Ya miƙo mini sandarsa na kama na fito, farar riga ta koma kalar kunun kanwa ta manne a jiki. Ya tuɓe babbar rigarsa ya zura mini. Sai da ya ga na rufu sannan ya ce a hankali, "Wuce gida, amarya. Rabin laifin nawa ne, amma kada ki gaya wa kowa." Haka na ratsa gari da rana tsaka cikin shuɗiyar babbar riga tana jan ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Matan da suke leƙe ta katanga ba su ma iya tambaya ba.

Na yi kwanaki ban leƙa ko zaure ba. Inna tana kawo mini abinci tana cije leɓe, ta fita tsakar gida in ji ta tana tari irin wanda ba tari ba ne. Gefe guda na dashen ya tafi. Maƙwabta suka tattaro wa Baba ragowar irinsu, wannan ya ba da kaɗan wancan ya ba da kaɗan, ranar da za a sake dasawa na sa tsohon zane na bi shi gona ba tare da ya kira ni ba. Muka kama aiki. Can da rana ta ɗaga, yana sunkuye bai ɗago ba, ya ce:

"Ke. Na'urar ce ta yi, ko ke ce?"

Na so in ce ruwa ne ya yi ƙarfi. Na so in ce mamurɗin jabu ne, ko in jingina abin ga Kaka tunda shi ma ya karɓi rabi. Duk sun zo bakina.

"Ni ce, Baba. Tana daidai na taɓa ta."

Ya danna ƙasa a gindin shukar da ke hannunsa, ya matsa gaba. "To, ita ba ta da laifi ke nan."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ashe da yamma ya sake wanke ƙafa ya koma wurin mutanen da ya ji kunya a gabansu, ya sake roƙon a bar ni in gwada. Ba su yarda nan take ba, ni ma da ni ce ba zan yarda ba. Sai da aka ga na'urar da na gyara tana aiki a ranakun ruwansa shi kaɗai, shiru ba hayaniya, har tumatirinsa ya nuna, sannan na kusa da shi ya ce a bar ta a kunne ranar tasa. Daga nan na gaba ma ya ce haka. Sitiyari kuwa yana nan a maƙale, Oga Bulus ya yi masa walda yadda ko ni ban isa in cire ba.

Yau ƙofofin da akwatina yake kula da su sun ɗan yi yawa, har daga wajen Kadawa ana zuwa nemana. Sunan dai ya zauna, Injiniya Buɗe-Rufe, yara ma da ba a haife su ba a lokacin haka suke kirana, kuma ina amsawa. Kaka yana nan da ransa, duk ranar ban ruwa sai ya sa an kai shi bakin kanal ya zauna ya zagi ƙofata da lalaci. Ina ramawa da baki son raina, hannuwana kuwa suna harɗe a baya.

Abin da na koya bai da yawa. Duk akwatin da zan haɗa yanzu, in na gano daidai birkinsa sai in like shi da dalma a ciki, in rufe, ba na barin wani abin murɗawa a waje. Manoma suna yaba mini, wai na yi dabara saboda yara masu ƙiriniya da tsofaffi masu karambani. Ban taɓa gyara musu zancen ba. Ni dai na san hannun da nake tsoro.